Na'urar Rock-Eval 6: abin da take iya faɗa kan asalin mai da iskar gas, da inda iyakarta take

Rock-Eval 6 na'ura ce ta ɗakin gwaji wadda kamfanin Vinci Technologies na ƙasar Faransa ya ƙera, kuma aikinta shi ne ta karɓi ɗan garin dutse, ta gasa shi sannu a hankali, ta auna abin da ke fita daga cikinsa a kowane matakin zafi. Da wannan awo ne masanin ƙasa yake gane ko dutsen yana ɗauke da ragowar halittun da za su iya zama ɗanyen mai ko iskar gas, da irin halittun, da kuma ko zafin ƙarƙashin ƙasa ya riga ya dafa su ko da saura. Na yi aiki da ita, na kuma karanta sakamakon da ɗakunan gwaji daban-daban suka fitar da ita a kan duwatsun kwarin Gongola. Ra'ayina shi ne, a matsayin matakin farko na bincike babu na'urar da na fi amincewa da ita, sai dai ana yawan ɗora mata nauyin da ba don shi aka ƙera ta ba, musamman idan aka zo kan tambayar daga wane dutse wani mai ya fito.

Darajarta ba za ta fito fili ba sai an san tambayar da take amsawa. A shekarar 1934 wani Bajamushe masanin sinadarai, Alfred Treibs, ya gano a cikin ɗanyen mai wasu sinadarai da tsarinsu ke komawa ga koren sinadarin ganyen tsirrai, kuma wannan ya zama babbar hujjar cewa daga halittu mai ya samo asali. Gansakuka da ƙananan halittun ruwa da ganyaye da itatuwa suna mutuwa su nutse cikin lakar ƙasan teku ko tafki ko bakin kogi, idan kuma wurin ba shi da isasshiyar iskar oksijin ba sa ruɓewa gaba ɗaya, sai laka ta binne su, ta daskare ta zama dutse, su kuwa su rikiɗe su koma wani abu mai tauri da ake kira kerojin. Yayin da sababbin duwatsu suke taruwa a kansa, dutsen yana ƙara nutsewa, zafi yana ƙaruwa, har idan ya kai tsakanin digiri 60 zuwa 150 a ma'aunin Salshiyos kerojin ya shiga tsagewa yana sakin mai, idan zafin ya haura haka kuma sai gas ya rinjaya. A ƙarƙashin ƙasa wannan aiki miliyoyin shekaru yake ci. Abin da Jean Espitalié da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Man Fetur ta Faransa suka fitar a 1977 shi ne hanyar ƙarasa wannan dahuwa a cikin tanderu cikin 'yan mintuna, domin a ga abin da dutsen ya riga ya saki da abin da yake riƙe da shi har yanzu. Samfuri na 6 ya fito ne a shekarun 1990, kuma ko da yake na 7 ya biyo bayansa da ƙarin awon farar wuta, na 6 ɗin ne har yau aka fi cin karo da sunansa a rahotanni.

Aikin yana farawa tun kafin a kunna na'ura. Ana wanke ɓarɓashin dutsen da aka kwaso daga rijiya, a shanya shi ba tare da zafi mai yawa ba, a tsince duk abin da ba dutse ba ne, sannan a niƙa shi a ɗan turmi har ya yi laushi. Daga nan a auna miligiram 50 zuwa 100, a zuba cikin wani ɗan ƙoƙon ƙarfe mai ƙananan huji sama da ƙasa domin iska ta ratsa, a jera ƙoƙunan a faifan da na'urar ke ɗauka da kanta ɗaya bayan ɗaya. Tanderu na farko ba shi da oksijin, iskar naitirojin ce ke bi ta cikinsa, saboda haka garin ba ya kama wuta, tsagewa kawai yake yi. Ana tsayar da zafin a digiri 300 na minti 3, a nan ne man da ya riga ya samu kuma yake maƙale a dutsen yake tashi, na'urar ta rubuta shi da sunan S1. Bayan haka zafin yana hawa da digiri 25 a kowane minti har zuwa 650, kerojin ya tsage ya saki abin da bai saki ba a ƙarƙashin ƙasa, wannan shi ne S2, ana kuma auna shi da miligiram a kowane giram na dutse. Hayaƙin kabon da ya fita daga kerojin kafin a wuce digiri 400 shi ne S3. Mai kallon allon kwamfuta zai ga layi yana tafiya a kwance, ya ɗan tashi ya sauka, ya sake kwanciya, sannan ya hau wani tudu mai tsawo ya gangaro. Zafin da ke daidai ƙololuwar wannan tudu na biyu shi ake kira Tmax. Da an gama, sai na'urar ta mayar da ƙoƙon tanderu na biyu, inda ake ƙone abin da ya rage da iska har zuwa digiri 850.

Wannan tanderu na biyu shi ne abin da na fi yabawa a samfurin. Domin a san yawan kabon na halittu da ke cikin dutse, wato TOC, hanyar da aka saba da ita a na'urori irin na kamfanin LECO ita ce a fara jiƙa garin da ruwan asid domin a narkar da farar ƙasa, a wanke, a shanya, kafin a ƙone. Rock-Eval 6 ba ta bukatar wannan, domin tana rarrabe kabon na halittu da na ma'adinai ta hanyar zafin da kowannensu ke fita, ta ba da alƙaluman biyu daga awo guda. Ga wanda yake da ɗaruruwan samfura daga rijiya ɗaya, wannan sauƙi ne babba, kuma ƙanƙantar abin da take ci tana da muhimmanci idan aka tuna cewa ɓarɓashin tsohuwar rijiya ba ya sake samuwa in ya ƙare.

Daga waɗannan alƙaluma ake fitar da hukunci. Dutsen da TOC ɗinsa bai kai kashi 0.5 cikin 100 ba ana ɗaukarsa matalauci, kashi 1 zuwa 2 mai kyau ne, abin da ya haura 2 kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. Amma yawan kabon kaɗai ba ya wadatarwa, domin haidirojin ne ke sa kerojin ya ba da mai. Shi ya sa ake raba S2 da TOC a ninka sau 100 a samu ma'aunin haidirojin, HI. A ɗauki duwatsu biyu masu TOC kashi 2 kowanne: idan S2 na farko 3 ne, HI ɗinsa 150 ke nan, alamar kerojin nau'i na uku wanda ya fito daga itatuwa da ganyayen tudu kuma ya fi karkata ga gas, idan S2 na biyun 12 ne, HI ɗinsa 600, alamar gansakukar tafki ko ta teku, wadda ita ce ke ba da mai da yawa. A ido duwatsun biyu baƙaƙe ne iri ɗaya, kuma babu mai iya bambanta su a fili komai ƙwarewarsa. Tmax kuma shi ke nuna dahuwa: ƙasa da digiri 435 dutsen bai dahu ba, daga 435 zuwa wajen 465 yana cikin lokacin haifar da mai, gaba da haka ya shiga na gas. A nan akwai kuskuren da na sha gani a rubuce-rubucen ɗalibai, har ma da wasu rahotannin da aka biya kuɗi aka yi, inda ake ɗaukar Tmax a matsayin zafin da dutsen ya taɓa sha a ƙarƙashin ƙasa. Zafin tanderu ne kawai, kuma yana hawa ne saboda ɓangarorin kerojin masu saurin tsagewa sun riga sun fita, sai masu taurin suka rage.

Amfanin wannan ga arewacin Najeriya a bayyane yake. An haƙa rijiyoyi 23 a ɓangaren Borno na kwarin Cadi ba tare da an samu man da za a iya kasuwancinsa ba, sai alamun gas a wasu. A kwarin Gongola, Shell ya haƙa Kolmani River-1 a 1999 ya samu gas, sannan a watan Oktoba na 2019 kamfanin NNPC ya ba da sanarwar samun mai a Kolmani River-2, a kan iyakar jihohin Bauchi da Gombe, kafin a ƙaddamar da aikin bunƙasa wurin a watan Nuwamba na 2022. Binciken da masana irin su Farfesa Nuhu Obaje suka wallafa a kan duwatsun kwarin Binuwai, wanda kwarin Gongola reshensa ne, ya dogara sosai ga irin wannan awo, kuma ya nuna cewa kerojin da ya fi yawa a cikinsu nau'i na uku ne. Kowace rijiya kuɗi ne masu ɗimbin yawa, saboda haka na'urar da za ta iya nuna a wane zurfi dutse mai albarka yake, kuma ko ya dahu, kafin a sake kafa injin haƙa, ta biya kuɗinta.

To sai dai alƙaluman da take fitarwa suna da saurin yaudarar wanda bai duba yadda aka same su ba. Na'urar ba ta san abin da aka zuba mata ba. Duk abin da ya tashi a digiri 300 za ta rubuta shi S1. Idan an haƙa rijiyar da laka mai haɗe da mai ko man dizal, ɓarɓashin zai zo da wari a jikinsa, wani lokaci tun ana buɗe leda ake jinsa, kuma idan ba a wanke shi da sinadarin da ke narkar da mai ba, S1 zai kumbura, ragowar ta tsallaka cikin S2, Tmax ya faɗi ƙasa, a fito da labarin da ba na dutsen ba ne. Haka ma ɓarɓashin da ya zubo daga saman rijiya ya gauraya da na ƙasa. Samfurin da aka sassaƙo daga gefen rafi ko bangon hanya yana da tasa matsalar, domin rana da ruwan sama da iska sun daɗe suna cinye haidirojin ɗinsa, sai HI ya ragu, S3 ya ƙaru, dutsen da a can ƙasa yake da kyau ya fito kamar ba shi da amfani. A yankinmu, inda mafi yawan binciken jami'o'i a kan irin waɗannan samfuran fili ake yin sa saboda na rijiya yana da wuyar samu, wannan abin lura ne ƙwarai, kuma maganinsa shi ne a yi haƙuri a tona har a wuce ɓangaren da ya sauya launi.

Akwai kuma iyakokin da suke daga ita hanyar kanta. Idan S2 ya yi ƙanƙanta, kamar ƙasa da 0.2, tudun da ke kan allo ba shi da ƙololuwa bayyananniya, amma na'urar za ta ba da Tmax duk da haka, kuma wannan lamba ba abin dogaro ba ce. A dutsen da kabon ɗinsa kaɗan ne, ma'adinan yumɓu suna riƙe wani ɓangare na abin da kerojin ya saki, sai HI ya fito ƙasa da yadda yake. Wasu ma'adinai masu kabon suna fara tsagewa da wuri su shiga lissafin S3. Abin da ya fi waɗannan wuyar kamawa shi ne gauraye: dutsen da ya haɗa gansakukar tafki mai yawan haidirojin da gawayin da ba ya ba da komai zai iya fitar da HI na tsaka-tsaki, mai karatu ya ɗauka kerojin na teku ne alhali babu shi a ciki ko kaɗan. Kerojin nau'i na farko kuma, wanda ake samu a duwatsun tsofaffin tafkuna, Tmax ɗinsa ba ya motsawa sosai yayin da yake dahuwa, saboda haka dole a haɗa da awon ƙyallin burbushin itace a ƙarƙashin madubin ƙara girma, inda kashi 0.6 zuwa 1.3 yake nuna lokacin mai.

Babbar iyakar ita ce wadda ta shafi asali. Rock-Eval tana iya cewa wannan dutse zai iya haifar da mai, kuma ya dahu. Ba ta iya cewa man da aka samu a waccan rijiya daga gare shi ya fito. Mai yana tafiya, yana barin dutsen da ya haife shi ya bi ta tsagu da yashi mai nisa kafin ya taru a inda aka same shi, kuma a kwari guda ana iya samun duwatsu uku ko huɗu da kowanne zai iya zama tushensa. Rarrabe su aikin na'urar GC-MS ne, wadda ke ware sinadaran da suka riƙe tsarin halittar da suka fito daga gare ta duk da zafi da daɗewa. Sinadaran hofen daga ƙwayoyin bakteriya suke, na sitiren daga gansakuka da tsirrai, gwargwadon wasu sinadarai biyu, firisten a kan fiten, kuma yana nuna ko lakar ta kwanta ne a inda babu oksijin ko a bakin kogi mai iska. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne oliyanen, sinadarin da ke fitowa daga tsirrai masu fure. Man Neja Delta yana da shi da yawa, kuma Farfesa Chukwuemeka Ekweozor na Jami'ar Ibadan yana cikin waɗanda suka yi fice wajen bincikensa tun ƙarshen shekarun 1970. Da yake tsirrai masu fure ba su mamaye ƙasa ba sai a ƙarshen zamanin Kiretashiyos, wanda ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, yawan oliyanen a cikin mai yana nuna shekarun dutsen asali da kuma cewa daga tudu kayan suka gangaro, abin da ya dace da duwatsun Akata da Agbada na Neja Delta.

Wannan bambanci yana da nauyi a kwarurukan da suka ratsa Nijar da Cadi da Najeriya da Sudan, waɗanda duk tsagewar ƙasa guda ce ta samar da su. Man Doba a kudancin Cadi da na kwarin Muglad a Sudan daga lakar tsofaffin tafkuna suka fito, amma na Agadem a kwarin Termit na Nijar, wanda matatar Damagaram take tacewa tun 2011, an fi danganta shi da lakar teku ta duwatsun Yogou. Ko man Kolmani ya fi kama da wannan ko da wancan, amsar ita ce za ta nuna ko a bi duwatsun Bima masu zurfi, masu lakar tsofaffin tafkuna, ko a bi na teku irin su Pindiga da Fika, duk a kwarin Gongola, kuma babu yawan awon S2 da zai warware ta ba tare da an gwada sinadaran man da na dutsen gefe da gefe ba. Gas ma haka yake: sai an auna gwargwadon kabon-13, wani nau'in kabon mai ɗan ƙarin nauyi, a cikin iskar metan, a duba ko akwai etan da furofen tare da ita, kafin a san ko ƙwayoyin halitta ne suka samar da shi a kusa da sama ko zafi ne ya dafa shi a can ƙasa. A duk wannan tsari matsayin Rock-Eval na rariya ne: a tankaɗe ɗaruruwan samfura da ita cikin sauƙi, a ware 'yan kaɗan da suka cancanci gwaji mai tsada.

Riƙe ta kuwa yana bukatar shiri. Tana cin iskar naitirojin da haidirojin da busasshiyar iska mai tsabta, ko dai daga tukwane ko daga injinan da ke samar da su. Ɗaukewar wuta a tsakiyar gwaji tana lalata samfurin da ke cikin tanderu, kuma ba a son tanderun ya riƙa sanyi da zafi ba bisa tsari ba, saboda haka ba ta da amfani a ɗakin da ba shi da batir da wutar da ba ta yankewa. Ƙurar hunturu tana bukatar ɗaki rufaffe mai na'urar sanyaya iska. Kayan gyara daga waje suke zuwa, da kuɗin waje ake sayensu. Sama da komai tana bukatar ma'aikaci na dindindin wanda zai riƙa sa dutsen ma'auni, wanda aka san alƙalumansa, a farkon kowane zubi da tsakiyarsa da ƙarshensa domin a tabbatar awon bai karkace ba. Akwai wasu na'urorin da ke aiki a kan wannan hanya, kamar HAWK ta kamfanin Wildcat Technologies na Amurka, kuma sun cancanci a gwada farashinsu da hidimarsu kafin a yanke shawara. Abin da ke jan mutane ga Rock-Eval shi ne tarin alƙaluman shekaru da dama da aka wallafa da ita, waɗanda ake iya gwada sabon sakamako da su kai tsaye.

Jami'a ko cibiyar da take da samfura masu yawa a kowace shekara, da tsayayyiyar wuta, da kasafin kula da na'ura, ina ganin ya kamata ta mallake ta, kuma zai fi kyau jami'o'in da ke kusa da Gongola da Borno da Sakkwato su haɗa ƙarfi a kan ɗaki guda mai aiki maimakon kowace ta sayi tata ta rasa kuɗin iskar da na'urar ke ci. Ga ɗalibi ko ƙaramin kamfani kuwa, aika samfura ɗakin gwajin da ke da ita ya fi sauƙi, amma a nan ma sai an san abin da za a nema. Wani ɗakin gwaji ya taɓa dawo mini da sakamako a jadawalin lambobi zalla, babu zanen tudun kowane samfuri, babu sakamakon dutsen ma'auni, babu bayanin ko an wanke ɓarɓashin, kuma a ciki akwai Tmax na samfuran da S2 ɗinsu bai kai a ambata ba, an jera su tare da sauran kamar daraja ɗaya suke da ita. Irin wannan rahoto ba ya karantuwa yadda ya kamata, domin siffar tudun ce ke fallasa gurɓata: idan ya fito da kafaɗa a gefen hagu ko ya rabu biyu, to akwai mai mai nauyi ko lakar haƙa a ciki. Duk wanda zai biya kuɗin wannan gwaji ya sa a rubuce tun farko cewa za a ba shi zanen kowane samfuri, da nauyin da aka auna, da tsarin zafin da aka bi, da sakamakon dutsen ma'auni na ranar, sannan a mayar masa da ragowar garin, domin da shi ne za a yi gwajin GC-MS a kan samfuran da suka fi ba da alama.